Ƙwallon da Ka Hana Mamman a Babban Mutum

Zuwa ga abokina Alhaji Haruna mai goro, can birnin Kumasi, wanda mu nan gida muka sani da Ɗanko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta tsohuwar abota, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Yaya kasuwa, yaya baƙunta, in har wanda ya yi jikoki a gari ana ce masa baƙo? Mu nan Daura lafiya lau muke. Damina ta yi albarka, gero ya nuna, an fara yanka, mun gode Allah.

Za ka yi mamakin ganin takardarka a shafina na zumunta, inda kowa ke karantawa. Da gangan na yi. Na gaji da kiranka a waya. Duk lokacin da na ce yaushe za ka zo gida, sai ka ce in sha Allahu bana, ka kawo zancen tsadar mota, ka kawo zancen gwiwa, daga nan ka tambaye ni farashin wake. Wannan banar taka ta girmi wasu daga cikin jikokina. Saboda haka yau na kawo ka gaban jama'a, su zama shaida. Na san ɗanka Nura yana bin shafin nan. Nura, ka karanta masa duka, kada ka tsallake inda na tsokane shi.

Abin da ya tayar da maganar shi ne jikana Sadiq, ɗan wajen 'yata Binta, wanda ke karatu a Amurka. Kwanakin baya ya je wani gidan tarihi, ya turo min wani tsohon hoto mai baƙi da fari. Samari ne baƙaƙen fata a jere, na gaba a durƙushe, na baya a tsaye, kowa da 'yar hula mai baki, wasu riƙe da kulake kamar masu shirin farautar gafiya. Ya ce 'yan wasan besbol ne. Kada ka tambaye ni dokokin wasan, yaron ya yi min bayani har muryarsa ta dishe. Abin da na kama shi ne, wani ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri, wani ya maka mata kulki, ya yar da kulkin ya ruga a guje ya zagayo gida. Sauran ban gane ba, kuma a shekaruna ban ga amfanin in takura wa kaina ba.

Labarin mutanen ne ya riƙe ni. Sadiq ya ce a wancan zamanin fararen fata sun hana baƙaƙe shiga manyan ƙungiyoyinsu, komai gwanintar mutum. To sai waɗannan suka haɗa tasu. Wai asalinsu ma ma'aikatan wani otal ne, masu kai wa baƙi abinci, in sun tashi aiki su fita fili. Da suka ga ba mai sa su a gasa, sai suka ɗauki kayansu suka shiga duniya, daga wannan gari zuwa wancan, su kara da 'yan garin, su sami na abinci, su yi gaba. Ya ce daga baya irinsu sun yi yawa. In sun isa gari sai su yi jerin gwano ta tsakiyarsa cikin kayan wasa don a san sun zo. Kafin a fara, su yi ta barkwanci, har su yi wasan ba tare da ƙwallo ba, wannan ya jefa iska, wancan ya cafe iska, 'yan kallo na ta neman inda ƙwallon take.

Ina sauraro ina murmushi, sai ya faɗi wadda ta sa na miƙe zaune. Ya ce sau da yawa sun fi 'yan garin iyawa nesa ba kusa ba, amma ba sa yi musu cin kaca. Sai su sassauta, su bar wasan ya yi kamar kankankan, don mutanen gari su koma gida da farin ciki, baɗi a sake gayyatar su.

Ɗanko, ai mu ne wannan. Na ce wa Sadiq ya tsaya haka nan, kakansa ya yi wannan sana'ar ba takalmi a ƙafarsa. Ya yi dariya, ya ɗauka irin kurin tsofaffi ne. Ba mu da hoto ko ɗaya da zan nuna masa, kai ne hotona, ga ka kuma ka maƙale a Kumasi.

Bari in tuna maka, ko da yake na san ba ka manta ba, masu karatu nake so su ji. Lokacin naira tana sabuwa, tsofaffi na lissafi da sule har yanzu. Mu samari ne na cikin birni, teloli da masu gyaran keke da dukawa da irina da ke koyarwa a firamare. Ƙungiyar da ake ji da ita a gari ta 'yan boko ce da ma'aikatan En'e, masu takalma da safa. Mun je mun roƙa a sa mu, aka dubi ƙafafunmu aka ce mu dawo in mun yi takalmi. Malam Lawal tela, Allah ya jiƙansa, shi ne babbanmu, ya ce tunda birni ya ƙi mu, ai ƙauyuka ba su ƙi mu ba. Da an gama girbi sai mu fara yawo ranar kasuwa, har mutane suka sa mana suna 'Yan Ci-rani.

Ka tuna rigunanmu? Buhunan fulawa ne Malam Lawal ya ɗinka, muka kai marina aka tsoma a baba. Marinin ya yi mana rangwame, ya kuma yi wa rinin rangwame. Da mun fara gumi sai shuni ya sauko mana a wuya da ƙirji. Ranar farko da na koma gida, Inna ta ga jikina ta fara salati, ta zaci wata cuta na kwaso a Sandamu.

Ƙwallon kuwa Audu baduku ne ya ɗinka mata riga da fatar akuya, da igiya a bakinta. Duk wanda ya sa mata kai ta wajen igiyar nan, sai ya kwana da tambari a goshi. In ƙaya ta huda ta, a tsaya da wasa, ka zauna a tsakiyar fili da roba da gam na facin keke, 'yan kallo su kewaye ka suna ba ka shawara.

Tafiya a motar gyaɗa muke yi, a kan buhuna, in an samu. In ba a samu ba, kekuna, goyo biyu-biyu. Fili kuwa gona ce da aka gama yanka, da kututturen gero da tsidau, raga ita ce itace biyu masu gwafa da igiya a sama. Muna isa gari ba ma zarcewa fili. Sai mu ratsa kasuwa a jere, Malam Lawal a gaba da ƙwallon a bisa kansa kamar mai tallan fura, kai a baya kana tafiya da hannuwa, ƙafafu a sama. Kafin mu fita daga kasuwa, rabinta ta biyo mu. Wata mai daddawa a Zango ta taɓa zagin mu tas, ta ce mun kwashe mata masu ciniki, da la'asar kuma sai ga ta a bakin fili ta fi kowa ihu.

Ni Bahago ake ce min saboda ƙafar hagu. Kai kuwa sunanka ya bi ka ne domin duk ƙwallon da ta taɓa tafinka ta manne. Ban taɓa faɗa maka a gaban idonka ba, don kada kanka ya ƙara girma, amma yau zan faɗa: ban ga mai tsaron gida kamarka ba, har a cikin waɗanda nake gani a talabijin da safar hannu kamar ta masu gasa burodi.

To sai dokar Malam Lawal, wadda muke kira ƙwallon masu gida. Ko nawa muka ci, kafin a tashi dole 'yan garin su ci ɗaya. Maganarsa ba ta canzawa: "Mutanen nan su za su ba mu tuwo da tabarma. A bar musu ɗaya." In lokaci ya kusa, sai ya cire hularsa ya goge fuska da ita. Wannan ce alamar. 'Yan bayanmu su fara tuntuɓe da ƙafafunsu, hanya ta buɗe, ɗan gari ya taho, ya buga, kai kuma ka tashi sama ka faɗi can gefen da ƙwallon ba ta je ba.

Kuma ka iya faɗuwa, Ɗanko. Ka birgima, ka daki ƙasa da hannu, ka riƙe kai, ka tashi kana yi wa 'yan bayanka faɗa kamar gaske. A Sandamu, wani tsohon dogari ya buga wata da ko kaza ba za ta kora ba, sai da ka yi tsalle ka tsallake ta don ta samu wucewa. Garin ya kaure da guɗa, aka ɗauki dogarin nan a kafaɗa har ƙofar gidansa. An ce har ya rasu yana ba da labarin ranar da ya ci Ɗanko, kowace shekara kuma nisan da ya bugo ta yana ƙaruwa.

Manyan gari sun san abin da ake ciki, ba mai faɗa. Mu ma mun san sun sani. Da yamma a kawo mana fura da nono a zauren mai gari, a kawo tuwo da miyar kuka, in za mu tafi a haɗa mu da kaji ko gyaɗa. Nan ne muka rabu da mutanen hoton Sadiq. Ya ce su akwai garuruwan da za su gama faranta wa jama'a rai a fili, su nemi ɗakin kwana a hana su saboda launin fatarsu, su kwana a mota, abinci ma sai ta ƙofar baya ake miƙo musu. Wannan ta taɓa min zuciya ƙwarai. Mu kunya da godiya ke sa mu bar ɗaya. Su kuwa wani lokacin har da neman su fita daga garin lafiya. Na daɗe ina kallon fuskokinsu a wayar, ina jin su kamar 'yan'uwan da ba mu taɓa gaisawa ba.

Yanzu na zo kan wasanmu na garin Babban Mutum. Nura, in ya ce ka tsaya a nan zai je alwala, ka jira shi ya dawo ka ci gaba.

Sarkin Fawan garin ne ya gayyace mu, ya yanka mana rago. A makon ake bikin ɗansa Mamman, dangin amarya sun zo daga wani ƙauye a ƙetaren iyaka. Kafin wasa ya ja Malam Lawal gefe, suka yi ƙus-ƙus, Malam Lawal ya dawo ya ce mana ta yau ta ango ce, duk wanda ya ga dogon yaron nan mai jan wando da ƙwallo ya ba shi hanya. Shi Mamman bai san an yi haka ba. Mahauta suka zo da masu kalangunsu, mata suka tsaya can nesa a gindin wata tsamiya, aka ce amarya na cikinsu a lulluɓe, ƙawayenta sun sato ta ta ga angonta.

Muka ci abin da muka ci. Rana ta yi sanyi, hedimastan garin da ke alƙalanci ya fara duba agogo. Malam Lawal ya cire hula ya goge fuska. Ni da kaina na yi kamar na zame, na bar wa Mamman ƙwallon a ƙafa. 'Yan baya suka dare. Masu kalangu suka ɗaga gula suna jira.

Mun zaci zai matso kusa ya tura ta a hankali kamar yadda kowa ke yi. Yaron nan bai matso ba. Daga nesa ya ɗaga kai, ya dube ka, ya sake ta. Har yau ina jin ƙarar. Ta tashi ta nufi can ƙuryar sama, inda itace ya haɗu da igiya, inda ko kana so ba ka isa ba. Da ka tsaya cak a inda kake, da an gama lafiya. Da ka faɗi ɗaya gefen kamar kullum, da an gama lafiya.

Sai ka tashi. Ban taɓa ganin ka tashi haka ba, kafin ranar ko bayanta. Ka miƙe a iska, ka cafe ta da hannu biyu, ka sauko da ita a ƙirji. Ka yi kwance kana kallon abin da ke hannunka kamar wanda ya farka ya ga kansa a gidan surukai. Kafin mu yi wata dabara, hedimasta ya busa usur.

Masu kalangu suka sauke gula a hankali. Wani yaro can ya fara tafi, babansa ya make masa hannu.

Sarkin Fawa mutumin kirki ne, bai hana mu komai ba. Ya aiko da naman, da tuwon shinkafa, har da lemo. Shi dai bai zo ya ce mana sannu da ƙoƙari ba. Da ya kore mu da yunwa da ya fi mana sauƙi. Ban taɓa cin nama mai daɗi da wahalar haɗiya irin na ranar ba. Kai ko loma ba ka kai baki ba. A mota muna dawowa, Malam Lawal bai yi maka faɗa ba, ya dai juya maka ƙeya har Daura. Kai kuma kana ta maimaitawa: "Wallahi hannun ne, ba ni ba ne." Sai da muka kusa gida ka raɗa min: "Bahago, yaron nan da gaske ya buga ta. Duk ranin nan ba wanda ya buga min da gaske sai shi."

Ba a sake gayyatar mu Babban Mutum ba. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ma ta watse, ba faɗa ba komai, aure da neman abinci suka ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. Kai ka bi kawunka fataucin goro, ka ce rani ɗaya za ka yi ka dawo. Ɗan ci-rani na gaske ke nan, ka tafi cin rani ka haɗa da damina.

To, makon jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida a gindin darbejiya, sai ga wani dogon dattijo da sanda, wata Hajiya na biye da shi tana gaya masa inda kwata take. Ya yi sallama ya ce nan ne gidan Malam Isyaku Bahago? Na ce nan ne. Ya ce shi ne Mamman Saura-Ƙiris daga Babban Mutum.

Ashe sunan da ka jawo masa ke nan. Kuma ka san wanda ya raɗa masa? Amaryar ce, wannan Hajiya Rabin da ke tsaye a bayansa tana dariya a cikin mayafi. Tun daren farko da ya shiga yana ɓacin rai ta ce masa ai saura ƙiris, sunan ya fita daga ɗaki ya shiga gari. Ya gaji mahaifinsa a sana'a, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya, amma har yau in ka je garin ka ce Alhaji Mamman sai a ce wanne, in ka ce Saura-Ƙiris yaro ƙarami zai kai ka ƙofar gidansa.

Sun zo ganin likitan ido ne. Idonsa na dama ya riga ya tafi. Na hagu, likita ya ce ana iya jinkirta shi da magani, amma ba a iya tsayar da shi. Yanzu yana ganin abin da ke gabansa kamar ta cikin bututu. Ya faɗi haka ba tare da ya canza murya ba, ya karɓi ruwan da aka kawo masa, ya tambaye ni kai.

Na fara ba shi haƙuri a madadinka, ya ɗaga min hannu. Ya ce ya yi shekaru yana jin haushinka. Sai da mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali ya gaya masa gaskiyar abin da aka shirya ranar. Ya ce da ya ji, kwana ya yi yana juyi, ba don ka kama ƙwallon ba, sai don ya gane da ta shiga, da kyauta ce aka ba shi a gaban matarsa. Daga nan ya fara bincike a kasuwanni, ya gano cewa duk wanda ya taɓa cin 'Yan Ci-rani, daga Zango har Sandamu, ba shi aka yi. Shi kaɗai aka hana. Ya ce tun daga ranar, in an kira shi Saura-Ƙiris amsawa yake da ƙarfi.

Amma fa bai yafe ƙwallon ba. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: "Ka gaya wa golanku ina bin sa bugu ɗaya, ina so in yi shi tun ina ganin raga. Amma in zai zo ya yi min faɗuwar nan tasa ta ƙarya, ya yi zamansa a Kumasi." Hajiya Rabi ta ce ita ma za ta zo, wannan karon ba a gindin tsamiya ba, kujera za a kai mata bakin fili. In ƙwallon ta shiga, ta yi alkawari a gaban jama'a za ta janye sunan. In ba ta shiga ba, da shi za a kira shi har a lahira. Ta kuma tona masa asiri, wai kullum bayan la'asar yana tsakar gida da ƙwallon jikokinsa yana auna bangon maƙwabci, har ya fasa mata randa.

Ka ga inda muke. Audu baduku yana nan da ransa, kunne ne dai ya yi nauyi. Na je na yi masa ihu a kunne, ya gane, ya riga ya sayi fata. Gonar da muka yi wasan tana hannun ƙanen Mamman, ya ce da ya kwashe kara fili namu ne. Sadiq zai zo hutu a lokacin, ya ce zai ɗauki hoto, 'Yan Ci-rani su ma su sami nasu ko da sun makara. Kai kaɗai ake jira. Idon Mamman kuwa ba ya jiran banar nan taka.

Na san abin da ke ranka yanzu. Kana cewa in ka kama ka sake karya zuciyar dattijo, in ka bari kuma ya gane ka ci mutuncinsa. Ni ma na kwana biyu ina wannan tunanin. Sai na tuna hoton Sallar da Nura ya sa, kana zaune a kujera, tumbi ya riga ka gaisawa da mai hoto, sanda a jingine a gefe. Hankalina ya kwanta. Ɗanko, ka zo ka tsaya tsakanin itacen nan biyu ka yi iyakar ƙoƙarinka tsakaninka da Allah. Kada ka sassauta masa ko kaɗan. Ka tashi sama kamar yadda ka tashi ranar. Za ta shiga.

In kuma hannun nan naka ya sake yin halinsa, to Mamman zai koma gida a matsayin mutumin da Ɗanko ya tsaya wa da gaske har sau biyu, ban ga asara a nan ba.

Haruna, bari in ajiye tsokana. Ina kewarka. Malam Lawal ya tafi ba ka nan, muka kai shi mu kaɗan, hularsa tana wajen ɗansa har yau. Yawancin sauran ma sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka rasa sai in kira ka in gaya maka, ka ce Allah ya jiƙansa, mu ajiye waya. Ba na so Nura ya kira ni wata rana da irin wannan labarin, ba na so kuma a kira ka da nawa, alhali rabon da mu ci tuwo a kwano ɗaya tun gashinmu na baƙi. In na ba da labarinmu ni kaɗai, yara kallon mai ƙari suke min. Ina so wani ya katse ni ya ce ba haka aka yi ba. Ɗakin zaure na gyara maka, na sa an ɗaga gadon saboda gwiwarka.

Allah ya jiƙan Malam Lawal da Sarkin Fawa da duk 'Yan Ci-ranin da suka riga mu. Allah ya saka wa duk garin da ya shimfiɗa mana tabarma. Waɗancan bayin Allah na hoton Sadiq, da suka sa mutane dariya a garuruwan da aka hana su makwanci, Allah ya sa a daɗe ana tunawa da su da alheri. Allah ya riƙe wa Mamman hasken idonsa har ya ga inda ƙwallonsa ta faɗa. Kai kuma Allah ya buɗe maka hanya, ya kawo ka gida lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Ka gaida Hajiya. Ka taho da goro mai kyau, na kai wa Mamman ne, ba nawa ba. Na je wajen ɗan Malam Lawal na karɓi aron hular, zan zo da ita filin, amma na yi wa Mamman rantsuwa tana kaina har a tashi, ba zan goge fuska da ita ba.

Naka har kullum,
Isyaku Bahago, Daura.